Neman Takardun Kiɗan Fiyano Masu Wuyar Samu: Tambayoyi da Amsoshi

Na daɗe ina koyar da fiyano, kuma ɗalibai da abokan sana'a sukan zo mini da damuwa iri ɗaya: sun ji wani kiɗa ya kama zuciyarsu, sun nemi takardarsa har sun gaji. Idan na ce takardar kiɗa, ina nufin rubutun nan da ake yi a kan layuka biyar-biyar, wanda ke nuna wa makaɗi sautin da zai taɓa, da hannun da zai taɓa shi, da tsawon lokacin da zai riƙe shi. Abin da na lura da shi shi ne, galibin kiɗan da ake cewa ya ɓace yana nan kwance a wani laburare, mai neman ne bai riƙe sunansa daidai ba, ko bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba. Ga tambayoyin da aka fi yi mini.

Me ke sa takardar wani kiɗa ta yi wuyar samu?

Dalilan sun bambanta, kuma sanin dalilin shi ke nuna maka hanya. Wani kiɗan an buga shi sau ɗaya a ƙarni na 19, kasuwa ba ta karɓe shi ba, aka daina bugawa. Haka ya faru da ayyukan Charles-Valentin Alkan, mutumin Faris wanda ya rayu daga 1813 zuwa 1888. Gwani ne a zamaninsa, amma kiɗansa na da wuyar kaɗawa, shi kuma ya janye jikinsa daga jama'a, sai aka yi shekaru masu yawa ba mai waiwayarsa. Wani kiɗan kuwa bai taɓa shiga maɗaba'a ba, yana nan da rubutun hannun mai shi. Wani yaƙi ne ya ci shi: a daren 4 ga Disamba 1943 bama-bamai sun sauka a unguwar masu buga littattafai ta birnin Leipzig a Jamus, inda manyan kamfanonin takardun kiɗa suke, ciki har da Breitkopf & Härtel da aka kafa tun 1719. Sai kuma kiɗan da yana nan lafiya lau, amma haƙƙin mallaka ya hana a saka shi a intanet kyauta. Wannan na ƙarshe saye ake yi, ba bincike ba.

Na ji kiɗan a wani bidiyo, ban san sunansa ba. Ta ina zan fara?

Fara da abu mai sauƙi. Duba bayanin da ke ƙarƙashin bidiyon, sannan ka kunna wa Shazam ko makamancinta. Irin waɗannan manhajoji faifai suke ganewa, saboda haka idan wani ne ya kaɗa a ɗakinsa ya ɗauka da waya, da wuya su gane. A nan sai ka koma ga kunnenka. Nemo sautuka bakwai ko takwas na farko a kan fiyano ka rubuta su. Kundin RISM, wanda zan yi bayaninsa a ƙasa, yana da wurin da ake saka farkon kiɗa a bincika da shi. In duk wannan bai yi ba, ɗauki sautin ka aika wa wani tsohon malamin kiɗa ko mai kaɗa ogan a coci. Sau da yawa na ga kunnen dattijo ya warware abin da waya ta kasa, ko da bai faɗi sunan ba zai ce maka wannan salon Rasha ne, ko na Faransa ne na wajen 1900, kuma wannan kaɗai ya rage maka rabin tafiya.

Na san sunan kiɗan da na mai shi, amma bincike bai fito da komai ba. Ina matsalar?

A nan ne mutane suka fi maƙalewa, don haka zan ɗan tsaya.

Na farko, suna irin su “Sonata” ko “Nocturne” ko “Prelude” nau'in kiɗa ne kawai, kamar ka ce “waƙar biki”. Domenico Scarlatti shi kaɗai ya bar sonata 555. Abin da ke bambanta su lamba ce. Yawancin masu tsara kiɗa suna da lambar opus, wato lambar jerin ayyukansu, wadda ake taƙaitawa Op., kuma ta Carl Czerny ta kai har 861. Wasu kuma masana ne suka jera musu ayyukansu daga baya: BWV na Bach, wanda Wolfgang Schmieder ya fitar a 1950, K na Mozart, daga Köchel a 1862, D na Schubert, daga Otto Erich Deutsch a 1951, WoO na ayyukan Beethoven da ba su da opus. Shi Scarlatti ma jeri fiye da ɗaya gare shi, na Kirkpatrick mai harafin K da na Longo mai harafin L, kuma lambobin ba sa haɗuwa. Na taɓa ganin ɗaliba ta shafe mako tana koyon sonatar da ba ita ake nema a jarrabawa ba, don takardar da ta samu lambar Longo ce a kanta, ita kuwa ta ɗauka ta Kirkpatrick ce.

Na biyu, rubutun suna. Sunayen Rashawa kowace ƙasa da yadda take rubuta su: Scriabin da Skrjabin mutum ɗaya ne, haka Medtner da Metner, haka Lyapunov da Liapounow. Gwada kowanne.

Na uku, harshen da aka buga takardar. Tsofaffin takardu da Faransanci ko Jamusanci aka fi sa musu suna, ko da mai kiɗan ba ɗan can ba ne. Kuma ka kiyaye wannan tarkon: a wurin Jamusawa harafin B na nufin abin da masu Ingilishi ke kira B flat, shi kuma B ɗin Ingilishi H suke ce masa. Dur shi ne major, moll shi ne minor. Faransawa da Italiyawa kuwa do, re, mi suke amfani da su a matsayin sunayen dindindin, Faransawa har sukan rubuta ut a madadin do. Wanda ya tashi da solfa na ƙungiyar mawaƙa, inda do ke sauya wuri gwargwadon sautin da aka ɗora waƙar a kai, sai ya yi hattara a nan.

Mene ne IMSLP, kuma da gaske kyauta ne?

Shi ne rumbun takardun kiɗa mafi girma a intanet, kuma nan ya kamata kowa ya fara. Wani ɗalibin kiɗa mai suna Edward Guo ya buɗe shi a 2006. A watan Oktoban 2007 an rufe shi bayan kamfanin Universal Edition na Vienna ya aiko da takardar gargaɗi kan haƙƙin mallaka, aka sake buɗewa a 2008. Ana kuma kiransa Laburaren Petrucci, don tunawa da Ottaviano Petrucci wanda ya buga wani shahararren littafin kiɗa a birnin Venice a 1501. Saukewa kyauta ce; wanda bai biya kuɗin zama mamba ba yakan ɗan jira wasu daƙiƙoƙi kafin takardar ta sauko.

Shawarata ita ce kada ka yi amfani da akwatin bincike kaɗai. Shiga shafin mai tsara kiɗan, ka buɗe jerin ayyukansa gaba ɗaya. A nan za ka ga abin da aka saka da abin da ba a saka ba, da shekarar bugu da sunan kamfanin da ya buga. Ko ba ka samu takardar ba, ka samu bayanin da za ka ci gaba da nema da shi. Sannan ka tuna masu sa kai ne ke ɗora takardun, don haka wani kwafin ya yi duhu, wani shafi ya faɗi. Ƙirga shafukan kafin ka biya kuɗin bugawa.

Idan babu a IMSLP fa?

To tafiya ta fara ke nan. Manyan laburare na Turai da Amurka sun ɗauki hoton dubban takardunsu sun saka a shafukansu, kuma ba duka suka isa IMSLP ba. Faransa na da Gallica. Poland na da Polona. Laburaren Jihar Bavaria da ke Munich ya yi nisa sosai a wannan aiki, haka Laburaren Majalisar Dokokin Amurka da laburaren Sibley na makarantar kiɗa ta Eastman da ke Rochester. Ƙa'idar ita ce ka bi kiɗa zuwa ƙasar da aka buga shi, wadda ba lallai ta zama ƙasar mai shi ba. Mawallafin nan Belaieff, alal misali, kiɗan Rashawa yake bugawa, amma a Leipzig ya kafa kamfaninsa a 1885.

Akwai kundaye uku da ke gaya maka inda abu yake, ko da ba su ba ka shi ba. WorldCat na nuna laburaren da ke riƙe da bugaggen littafi. RISM, wanda aka kafa a Faris a 1952, ya fi ƙarfi a rubutun hannu da tsofaffin bugu, yana da bayanai fiye da miliyan ɗaya, kuma shigarsa kyauta ce. Na uku shi ne wanda na fi ƙauna: jerin Hofmeister. Wani kamfani ne a Leipzig ya riƙa fitar da sanarwar sababbin takardun kiɗa kusan kowane wata, kuma an zuba na 1829 zuwa 1900 a intanet. Da shi za ka tabbatar cewa lallai an taɓa buga kiɗan, a wane wata, a wane kamfani. Akwai daɗi ka ga kiɗan da kake ta nema an yi tallarsa da farashinsa shekara 150 da suka wuce. Daga ranar ka san ba inuwa kake bi ba.

Daga Najeriya ko Nijar, zan iya rubuta wa laburare a Turai su amsa mini?

Ƙwarai kuwa. Matambayi ba ya ɓata, kuma ma'aikatan sashen kiɗa na cikin mutanen da na fi samun taimakonsu. Abin da suke so ka sauƙaƙa musu aiki. Rubuta gajeren saƙo: sunan mai kiɗa, sunan kiɗan da lambarsa, lambar da laburaren ya ajiye shi da ita kamar yadda ka gani a kundinsu, da abin da za ka yi da shi, ko koyo ne, ko koyarwa, ko kaɗawa a gaban jama'a. Nemi a ɗauko maka hoton shafukan a turo ta imel. Yawanci akwai kuɗi gwargwadon yawan shafuka, kuma aikin kan ɗauki makonni. Inda muka fi shan wuya shi ne wajen biya, domin katin naira ba kullum yake wucewa a ƙetare ba. Tambaye su hanyoyin biya tun a saƙon farko, ko ka shirya da wani ɗan'uwa da ke zaune a waje.

Yaya zan san ko doka ta ba ni damar saukewa da kwafa?

Abin dubawa na farko shi ne shekarar da mai tsara kiɗan ya mutu. A Najeriya, kamar a ƙasashen Tarayyar Turai, haƙƙin mallaka na ci gaba har shekara 70 bayan mutuwarsa. Kanada, wadda IMSLP ke bin dokarta, shekara 50 take ƙirgawa a da, sai a ƙarshen 2022 ta koma 70, amma ayyukan da suka riga suka zama na kowa ba a mayar da su baya ba. Amurka kuma ga tsofaffin ayyuka shekarar bugu take kallo, shekara 95 daga nan. Shi ya sa za ka ga IMSLP ya yi wa takarda alama cewa ta halatta a wannan ƙasa, ba ta halatta a waccan ba. Dokar ƙasar da kake zaune ita ta shafe ka.

Misali: Nikolai Medtner ya mutu a Landan a 1951, saboda haka nasa ya fita daga takunkumi a wurinmu. Kaikhosru Sorabji kuwa sai 1988 ya mutu, nasa na da sauran shekaru da yawa, kuma wata cibiya mai suna Sorabji Archive a Ingila ke kula da takardunsa. Ka kuma lura cewa sabon bugu na tsohon kiɗa na iya samun nasa kāriyar; a Jamus bugun da masana suka tace yana da shekara 25.

Ni dai ra'ayina, idan mai kiɗan na raye ko iyalinsa na cin moriyar aikinsa, a saya. Masu tsara kiɗan fiyano ba su cika yin arziki da shi ba, kuma kwafin da ke yawo a WhatsApp haƙƙin wani ne.

Kamfanin da ya buga takardar ya daɗe da rufewa. Wa zan tambaya?

Kamfanonin takardun kiɗa ba su cika mutuwa ba tare da magaji ba. Jurgenson na Mosko, wanda aka kafa a 1861, gwamnatin Sobiyat ta karɓe shi a 1918, daga baya ya zama maɗaba'ar gwamnati da aka sani da Muzyka. Takardun Augener na Landan sun ƙare a hannun Stainer & Bell. Durand da Salabert da Eschig na Faransa yanzu inuwa ɗaya suke. Nemo magajin ka rubuta masa. Da yawansu na buga kwafi ɗaya daga ma'ajiyarsu idan an nema. Abin da zai taimaka maka shi ne 'yar lambar nan da ake sawa a ƙasan kowane shafi, a tsakiya. Lambar farantin ƙarfen da aka sassaƙa kiɗan a kai ce. Tsofaffin takardu ba su cika ɗauke da shekara ba, da wannan lambar masana ke gano lokacin bugu, da ita kuma ma'aikacin ma'ajiya zai nemo maka abinka.

Na samu bugu biyu na kiɗa ɗaya, kuma sun saɓa. Wanne zan bi?

Wanda ya yi karatun littattafai a zaure ya san wannan matsalar: a ɗauko littafi ɗaya bugun Misira da bugun Bairut, a tarar da kalma ta bambanta, sai malam ya koma ga kwafin da ya gada. Haka abin yake a kiɗa. Editocin ƙarni na 19 sun ɗauki kansu a matsayin malamai, sukan ƙara alamun ƙarfi da taushi, da na feda, wani lokaci har su canza sautin da suke ganin kuskure ne, ba tare da sun sanar ba. Don gyara wannan aka fito da bugun da ake kira Urtext, wato wanda ke ƙoƙarin komawa ga abin da mai kiɗan ya rubuta, ya kuma nuna a fili duk inda edita ya sa hannu. Kamfanin Henle na Munich, da aka kafa a 1948, da Bärenreiter na Kassel sun yi suna a wannan.

Sai dai ko Urtext ba shi ne ƙarshen magana ba. Chopin yakan ba kamfanoni uku kiɗa ɗaya kusan lokaci guda, a Faris da Leipzig da Landan, don kare haƙƙinsa a ƙasashen uku, kuma yakan gyara wani ya bar wani, sannan ya sake yin gyara da fensir a takardun ɗalibansa. A irin wannan, duka bugun na iya zama nasa. Wani lokaci kuma sabuwar shaida kan bayyana. A 2014 Balázs Mikusi, shugaban sashen kiɗa na laburaren ƙasar Hungary da ke Budapest a lokacin, yana duba wasu takardun da ba a tantance ba sai ya ci karo da shafuka huɗu na rubutun hannun Mozart, na sonatarsa mai lamba K. 331, wadda duniya ta fi sani da ɓangarenta na ƙarshe mai salon Turkiyya. Da aka gwada, sai ga wurare da aka shafe fiye da shekara 200 ana kaɗawa ba yadda ya rubuta ba. Idan haka ta faru da kiɗan da kowane ɗalibi ya sani, ina ga wanda aka buga sau ɗaya aka manta?

Ga kiɗan da ba a cika samu ba, sau da yawa bugun farko ne kaɗai ke akwai. Karanta shi da ido biyu. Idan gaɓa ta maimaitu a gaba amma sauti ɗaya ya bambanta ba dalili, ko alamar ɗagawa ko saukar da sauti ta ɓace a hannu ɗaya alhali tana ɗaya hannun, mai yiwuwa mai sassaƙa ne ya yi kuskure. Yi gyaranka da fensir, kada ka goge na asali.

Ina zan samu kiɗan fiyano na 'yan Afirka?

Wannan ce tambayar da ta fi taɓa ni. Ina iya zama a ɗakina in sauke kiɗan wani Bajamushe da ya mutu a 1850 cikin minti biyu, amma aikin ɗan ƙasata da ya rasu jiya-jiya sai na yi watanni ina aike-aike. Kuma muna da su. Akin Euba, wanda ya rayu daga 1935 zuwa 2020, shi ya yaɗa tunanin a riƙa sarrafa fiyano kamar ganga da sauran kayan kiɗanmu, ya rubuta Scenes from Traditional Life a 1970, maɗaba'ar Jami'ar Ife ta buga. Ayo Bankole ya rasu a 1976 yana da shekara 41, ya bar sonata da ƙananan kiɗe-kiɗe. Joshua Uzoigwe, wanda ya rasu a 2005, ya rubuta Talking Drums. A Ghana, J. H. Kwabena Nketia ya fitar da kiɗe-kiɗen koyo goma sha biyu a 1994, wasunsu an gina su a kan waƙoƙin arewacin ƙasar, irin na Builsa da Dagomba.

Dalilin wuyar a bayyane yake. Dukansu haƙƙinsu na nan, don haka ba za su shiga IMSLP ba. An buga su kaɗan ne a maɗaba'un jami'o'i, ko ba a buga ba sam, sai fotokofi da ke bi daga hannun malami zuwa ɗalibi, kowane kwafi ya fi na bayansa dusashewa.

Ƙofar da ta fi sauƙi ita ce tarin da William Chapman Nyaho, makaɗin fiyano ɗan asalin Ghana, ya haɗa, mai suna Piano Music of Africa and the African Diaspora. Maɗaba'ar Jami'ar Oxford ta buga shi juzu'i biyar, an jera su daga mai sauƙi zuwa mai wuya, kuma akwai ayyuka daga Najeriya da Ghana da Masar da Sudan da wasu wurare. Fred Onovwerosuoke, wanda aka haifa a Ghana iyayensa 'yan Najeriya, yana zaune a St. Louis, kuma darussansa 24 na salon kiɗan Afirka ana sayar da su. Bayan wannan sai a koma ga mutane: sassan koyar da kiɗa na jami'o'in Nsukka da Ife da Legas, da cibiyar MUSON da ke Onikan a Legas, da gidan Iwalewa na Jami'ar Bayreuth a Jamus inda Euba ya yi aiki na wasu shekaru. Makaɗan da suka ɗauki waɗannan ayyuka a faifai, kamar Rebeca Omordia, su ma sun bi wannan hanyar kafin su samu, kuma ana iya rubuta musu da ladabi.

Labarin Emahoy Tsegué-Maryam Guèbrou na ƙarfafa mini gwiwa. Mai tsara kiɗan fiyano ce 'yar Habasha, mai zaman ibada a Kudus, ta rasu a 2023 tana da shekara 99. Faifanta ya zagaya duniya tun 2006, amma takardun na ɗakinta da rubutun hannunta, har sai da wata makaɗiya, Maya Dunietz, ta zauna da ita suka tsara su aka buga a 2013, tana raye tana gani. Muna buƙatar masu irin wannan haƙurin a nan gida. Duk wanda ke riƙe da tsohon fotokofi daga malaminsa, ya ɗauki hotonsa mai kyau tun kafin ya ƙarasa gogewa, ya kuma nemi iyalin mai aikin ya sanar da su.

Akwai kiɗan da babu takardarsa kwata-kwata?

Akwai. Shahararren makaɗin fiyano Vladimir Horowitz ya sake tsara wa kansa wasu kiɗe-kiɗe da yake rufe taro da su, bai buga su ba. Takardun da ke yawo wasu ne suka saurari faifai suka rubuta. Haka yawancin kiɗan jaz. Irin waɗannan takardu ingancinsu na bin kunnen wanda ya rubuta. Idan za ka yi da kanka, rage saurin faifan, ka fara da sautin ƙasa na hannun hagu, sannan na sama, ka bar na tsakiya sai ƙarshe. Manhajar MuseScore kyauta ce, ta isa wajen rubutawa. Manhajojin da ke cewa suna mayar da sauti rubutu kai tsaye suna taimakawa wajen tsinto sautuka, amma wajen raba hannuwa da ƙirga lokaci sai ka bi bayansu da gyara mai yawa.

Har yanzu ana gano ɓatattun ayyuka?

Ana yi. A 2009 masu gyaran wani tsohon gida da aka yi watsi da shi kusa da garin St. Anne a jihar Illinois sun tarar da tulin takardu, ashe na Florence Price ne, baƙar fatar Amurka da ta rasu a 1953, kuma a ciki har da kiɗan fiyano da ba wanda ya sani. Wata sonata da Fanny Hensel ta rubuta a 1828 an daɗe ana jingina ta ga ƙaninta Felix Mendelssohn, sai a 2010 wata mai bincike, Angela Mace, ta ga ainihin rubutun ta tabbatar da mai ita. A 2024 laburaren Morgan da ke New York ya sanar da wani ɗan gajeren kiɗa da ake ɗauka na Chopin ne. Akasin haka ma na faruwa: Für Elise ta Beethoven sai a 1867 Ludwig Nohl ya buga ta, shekara 40 bayan mutuwar mai ita, kuma takardar da ya kwafa daga gare ta ta ɓace.

Fiyanona irin na situdiyo ne mai maɓalli 61. Zai ɗauki waɗannan kiɗe-kiɗe?

Cikakken fiyano maɓalli 88 gare shi. Na zamanin Haydn da Mozart 61 ne, sai dai ya fara daga F, naka kuma daga C, don haka yawancin kiɗan wancan zamani zai shiga, in ban da 'yan sautukan ƙasa kaɗan. Alkan da Medtner kuwa ba za su shiga ba. Kafin ka kashe kuɗi, duba sauti mafi ƙasa da mafi sama a takardar.

Na samu takardar. Yaya zan buga ta in adana?

Takardun kiɗa na asali sun fi A4 girma, don haka idan aka matse su alamomin kan ƙanƙance. Ce wa mai shagon ya yanke farin gefen shafin a kwamfuta kafin ya buga, ya kuma gwada shafi ɗaya ka duba ko layuka biyar ɗin sun fito sarai. Sa a buga gaba da baya yadda juyin shafi zai faɗo inda mai sassaƙa ya tsara shi, wato shafi mai lamba mara ya zauna a dama. Ɗaurin zobe ya fi, don littafin ya buɗe ya kwanta a kan fiyano. A shafin farko rubuta inda ka samo shi, da kamfanin da ya buga, da lambar faranti, saboda wanda zai karɓa a hannunka ya san asalinsa. Ajiye takardun a akwati mai murfi nesa da bango da ƙasa, don gara da laimar damina, ka kuma bar kwafin PDF a wuri biyu, ɗaya a waya ko kwamfuta, ɗaya a imel ɗinka.